Faifan da Aka Ɗauka Sau Biyu: Kafuwar Poly-Rythmo ta Kwatano

A shekarar 1973 wasu samari makaɗa daga Kwatano suka tsallaka iyaka zuwa Ikko, suka shiga situdiyo, suka ɗauki waƙoƙi huɗu. Wannan ne zai zama babban faifansu na farko, bayan sun shekara da shekaru suna fitar da ƙananan fayafayai masu waƙa ɗaya a kowace fuska. Aka buga faifan gwaji, aka kai wa kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin, wato Albarika Store na Adissa Seidou. Kamfanin ya ce bai karɓa ba. Akwai wani gurnani da yake bin ƙarƙashin kiɗan, daga amfilifayar ogan da ta lalace. Ba yadda suka iya, sai da suka koma suka sake ɗaukar waƙoƙin tun daga farko.

Ƙungiyar ita ce Orchestre Poly-Rythmo de Cotonou. Mu da muke zaune a unguwar Agla ta Kwatano, da 'yan uwanmu na unguwar Zongo, mun daɗe muna ɗaukar ta a matsayin kiɗan 'yan ƙasa, abin Fon da Gun da Mina, wanda kunne yake tsinta daga rediyon maƙwabci ko daga rumfar mai gyaran babur, ba abin da ya shafe mu ba. Ni ma haka na ɗauke ta shekaru da yawa. Sai da na bi labarinta na ga kusan duk abin da ya raya ta abu ne da Bahaushen Kwatano ya sani kamar yunwar cikinsa: ubangida mai jari, hanyar Ikko, da riƙon amanar kaya.

Tushenta yana wajen mutum ɗaya, Mélomé Clément, mawaƙi kuma makaɗin jita, wanda ya riƙe ragamarta har ya bar duniya. A tsakiyar shekarun 1960 shi da abokansa suna kiɗa a ƙarƙashin sunan Sunny Black's Band. Lokacin ƙasar Benin tana amsa sunan Dahome, ba ta daɗe da karɓar 'yancin kai daga Faransa ba, a ranar 1 ga Agusta 1960, kuma juyin mulki yana bin juyin mulki. Matsalar samarin ba basira ba ce, kayan aiki ne. Makaɗin kalangu zai iya samun icce da fata da tsarkiya a garinsu, ya haɗa abinsa. Jitar lantarki da ogan da ƙahonin busa da amfilifaya kuwa sai jirgin ruwa ya kawo su, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yaron da bai ajiye komai ba. Saboda haka duk wanda ya sayi kayan, shi ne mai ƙungiya, har sunanta ma nasa ne. Da wani mai shagon sayar da fayafayai ya tsaya musu a 1968, sai suka koma Orchestre Poly-Disco, sunan shagon. Daga baya ne suka zauna a kan Poly-Rythmo, ma'ana masu kiɗa iri-iri, kuma wannan suna ne da ya faɗi abin da suke yi maimakon ya faɗi wanda ya biya.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wajenmu. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, kuma duk makaɗin fada ya san doki da riga da hatsi daga ina suke zuwa, ya kuma san abin da ake jira daga bakinsa. Bambancin kawai, iyayen gidan makaɗan Kwatano ba sarakuna ba ne, 'yan kasuwa ne, kuma ba kirari suke nema ba, kaya suke so wanda zai shiga kasuwa ya fita.

Mutanen da Mélomé ya tara su ne dukiyar ƙungiyar. Akwai Lohento Eskill, mawaƙi. Akwai Vincent Ahehehinnou, wanda ya shigo a 1968 da murya mai kaifi da ta sha ruwan waƙoƙin baƙaƙen Amurka. Akwai Bernard Zoundegnon, wanda kowa ya fi sani da Papillon, makaɗin jita da ogan, da Yehouessi Léopold a kan ganguna, da Gustave Bentho mai babbar jita mai kaurin murya, da Pierre Loko mai busa saksofon. Kusan kowane ɗaya a cikinsu yana tsara waƙa, shi ya sa fuskar fayafayansu da yawa take ɗauke da sunan wanda ya tsara, sannan sunan ƙungiyar ya biyo baya.

Abin da suka sha a kunne ba a ɓoye yake ba. Kiɗan Kuba ya riga ya cika gidajen rawa na gaɓar teku, rumbar Kwango tana shigowa, hailaif na Gana da Najeriya yana maƙwabtaka, sannan ga James Brown, wanda ya zo Ikko da kansa a ƙarshen 1970 ya bar samarin yankin nan kowa yana gwada ihunsa. Fela yana gefe yana gina nasa salon. Da Poly-Rythmo ta tsaya a kwaikwayo, da yau babu mai tuna ta, domin masu kwaikwayon James Brown a wancan zamani sun fi a ƙirga. Abin da ya fitar da ita daga taro shi ne ta ɗauko kiɗan gargajiyar vodun na kudancin ƙasar ta ɗora kayan lantarki a kansa. Biyu daga ciki suka fi fitowa: sato, wanda ya samo suna daga wata doguwar ganga da ake bugawa a bukukuwan tunawa da mamata, da sakpata, kiɗan abin bautar da suke dangantawa da ƙasa da cutar agana. Wanda ya taɓa jin yadda 'yan bori suke ware wa kowane iska nasa taken a garaya zai gane tsarin nan take. Ba sai mutum ya yarda da abin da ake bautawa ba kafin kunnensa ya shaida cewa kiɗan yana da tsari mai wuyar gaske: ƙararrawar ƙarfe tana tafiya da nata lissafin, ganga da nata, sai su haɗu a wurin da ba ka zata ba. Léopold ya raba wannan lissafi a kan gangunan Turawa, Papillon ya mayar da jita kamar wata ƙaramar ganga, sai abin ya fito da zafin da babu irinsa a Ikko ko Ankara.

A nan Adissa Seidou ya shigo. Sunan kamfaninsa kaɗai ya isa ya tsayar da Bahaushe: Albarika, albarkar nan dai tamu, kalmar Larabci da ta bi fatake da malamai har bakin teku ta zauna a bakin Yarabawa da sauran Musulmin kudu. Shi ya zama ubangidan Poly-Rythmo na gaske, ya ƙulla yarjejeniya da su, kuma ba su kaɗai ba, har Super Borgou ta Parakou, ƙungiyar Moussa Mama mai waƙa da Barbanci da Dandanci, ta bi ta hannunsa. Dabararsa ita ce dabarar kowane ɗan kasuwar Kwatano: abin da babu a gida, Ikko tana da shi, kuma tafiyar ba ta kai ta yini ba. A can manyan kamfanonin Turawa irin su EMI da Decca suke da situdiyo da injinan buga faifai. Yaƙin basasar Najeriya ya ƙare a Janairun 1970, kuɗin man fetur ya fara shigowa, a ranar 1 ga Janairun 1973 kuma naira ta maye gurbin fam. Hanyar da atamfa da shinkafa suke bi su shiga Najeriya, ita makaɗan suka bi, suka dawo da kiɗansu a kan faifai.

Waƙoƙi huɗun na faifan farko duka Vincent Ahehehinnou ne ya tsara su, kuma sunansa ne a gaba a jikin faifan. Huɗu kacal, amma dogaye ne. Ƙaramin faifai yana tilasta wa makaɗi ya taƙaita, ya faɗi abin da zai faɗa cikin 'yan mintoci ya sauka. Babban faifai ya ba su filin da suka saba da shi a dandalin rawa, inda kiɗa yake ɗaukar lokaci kafin ya nuna, ogan ya yi ta kewaya wuri ɗaya, ƙahoni su shigo su fita, muryar Vincent tana hawa a kai. Wannan ne karon farko da wanda bai taɓa zuwa wajen wasansu ba ya ji yadda suke idan an sake musu linzami.

Na daɗe ina juya maganar ƙin karɓar ɗaukar farko. Da sauƙi mutum ya ce zaluncin mai kuɗi ne a kan masu fasaha: an sa mutane sun sake wahalar hanya da ta situdiyo saboda ƙarar da mai rawa ba zai ma kula da ita ba. Ni ban ga haka ba. Sake ɗauka kuɗi ne daga aljihun kamfanin, ba daga na makaɗan ba. Ɗan kasuwar da yake neman ribar yau kaɗai da ya buga abin haka nan ya sayar, tunda sunan ƙungiyar ya riga ya yi ƙarfi a gari. Wanda ya yarda ya yi asara don kada kaya mai aibu ya fita da tambarinsa, irin dillalin nan ne da yake mayar da turmin atamfa saboda zare ɗaya ya zame, domin ya san gobe ma kasuwa za ta ci. Ingancin sautin da ya sa fayafayan Albarika suka kai har yau ana sake buga su daga irin wannan tsanani ya fito.

Amma tsananin ubangida yana da ɗaya fuskar, kuma ƙungiyar ta ɗanɗana ta. Yarjejeniya da kamfani ɗaya ba ta ciyar da mutum fiye da goma da iyalansu, ga kuma waƙoƙi suna zubo musu fiye da yadda Albarika zai iya bugawa. Sai suka riƙa zagayawa suna ɗauka wa ƙananan kamfanonin Kwatano. Ba situdiyo, ba komai: rikoda ƙirar Nagra mai zaren tef, makirfo ɗaya ko biyu, a cikin gidan wani, galibi da dare bayan gari ya yi tsit. Mawaƙi ya matso kusa, masu ƙaho su ja baya, mai ganga ya koma can ƙurya, tazarar kowa daga makirfo ita ce ma'aunin sautinsa. 'Yan ɗaruruwa ake bugawa a sayar. Wato a shekarun da ake mayar musu da faifai saboda gurnanin amfilifaya, a shekarun ne kuma suke ɗaukar wasu daga cikin waƙoƙinsu mafi zafi a tsakar gida. Ni dai ban iya zaɓar ɗaya in bar ɗaya ba.

Siyasa ta same su a tsakiyar wannan tashe. Mathieu Kérékou ya ƙwace mulki a ranar 26 ga Oktoba 1972, ya rungumi aƙidar gurguzu a 1974, a ranar 30 ga Nuwamba 1975 kuma Dahome ta zama Jamhuriyar Jama'ar Benin. Sabon ubangida ya samu, mai kaki. Poly-Rythmo ta yi waƙoƙin juyin juya hali, ta zama kamar ƙungiyar gwamnati a manyan taruka, ta je bikin FESTAC na Ikko a 1977. Ta ƙara haruffan T.P. a gaban sunanta, laƙabin nuna ƙarfi irin na manyan ƙungiyoyin Kwango. Ta raka mawaƙa irin su Gnonnas Pedro da Manu Dibango. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1980 an ƙiyasta ta ɗauki waƙoƙi wajen 500, da Fon da Mina da Yarabanci da Faransanci.

Gangarowar ba ta ɗauki lokaci ba. A 1978 Vincent ya bar ƙungiyar bayan saɓani da Adissa Seidou, mutumin da ya buga masa faifan farko. Ya koma Ikko ya yi nasa faifan, Best Woman, a wani kamfani mai suna Hasbunalau, wani sunan kuma da duk wanda ya yi makarantar allo zai gane daga ina ya fito. A 1982 Papillon da Léopold suka rasu, jita da ganga a shekara ɗaya. Tattalin arzikin Benin ya durƙushe, kaset ya kashe kasuwar faifai, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, abin da tsofaffin 'yan kasuwar Zongo da na kasuwar Dantokpa ba su manta ba har yau. Ƙungiyar ta yi shiru, sai ɗan wasa jefi-jefi.

Daga waje aka zo aka tono ta, kuma wannan yana yi mini ciwo, domin fayafayan a ɗakunanmu da shagunanmu suke kwance suna cin ƙura. Kamfanin Soundway na Ingila ya tattara wasu ya fitar a 2004. Samy Ben Redjeb na kamfanin Analog Africa, daga Frankfurt ta Jamus, ya yi ta zirga-zirga a Kwatano yana bin tsofaffin 'yan kasuwar faifai da makaɗan da suka rage, ya fitar da kundin waƙoƙin tsakar gida a 2008, na taskar Albarika a 2009. Wata 'yar jaridar rediyo daga Faransa, Élodie Maillot, ta nemo dattawan, ta tsaya musu har suka taka dandalin Turai a karon farko a 2009, fiye da shekara 40 bayan kafuwarsu. Vincent ya dawo cikinsu. A 2011 suka fitar da sabon faifai, Cotonou Club, tare da Angélique Kidjo da Fatoumata Diawara da mutum biyu daga ƙungiyar Franz Ferdinand ta Sikotilan. Lohento Eskill bai ga wannan ba, ya riga ya rasu. Mélomé Clément ya gani, sannan ya rasu a Disambar 2012.

A 2011 ɗin nan ne kuma Analog Africa ya sake buga faifan 1973. Faifan gwajin da Albarika ya ƙi karɓa ashe bai salwanta ba. Aka zaɓi waƙa biyu daga ɗaukar da aka sayar a kasuwa, biyu daga wadda aka mayar, aka gyara sautinsu aka haɗa a faifai ɗaya. Shekara 38 bayan an ce su koma su sake, Mélomé da Vincent suna raye aka saki wani ɓangare na abin da suka buga a ɗaukar farko a situdiyon Ikko.