Hiliyom-3: Iskar da Ta Tona Asirin Cikin Ƙasa

Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa yana yankin Kola na ƙasar Rasha, zurfinsa kilomita 12 da 'yan kai. Idan ka ɗauki duniya a matsayin mangwaro mai ɓawo da tsoka da ƙwallo, to wannan ramin ko ɓawon bai huda ba. Tsokar, wadda masana ke kira mantil, ta nutsa har kusan kilomita 2,900. Babu wanda ya taɓa zuwa can. To ta yaya aka san abin da ke ciki? Ɗaya daga cikin amsoshin ta fito ne daga wata iska marar launi marar wari, da kuma wani masani Ba'amurke, Harmon Craig, wanda ya shafe shekaru yana bin sawunta a teku.

Bari mu fara da iskar. Hiliyom na cikin dangin iskokin da za mu iya kira 'yan ba-ruwanmu, irin su niyon da agon, domin ba sa haɗuwa da sauran sinadarai. Wannan hali ne ya sa suka dace da ba da shaida: duk inda suka ratsa, ba sa canzawa. An fara hango alamar hiliyom a hasken rana a 1868, sai a 1895 William Ramsay ya samo shi a doron ƙasa, cikin wani dutse mai yuraniyom.

Hiliyom iri biyu ne, kamar tagwayen da nauyi kawai ya bambanta su. Masana na kiran irin wannan aisotof. Hiliyom-4 kullum ana haifar sabo a cikin duwatsu, duk lokacin da yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit, ko toriyom ya ruɓe. Shi kuwa hiliyom-3, wanda Luis Alvarez da Robert Cornog suka gano a 1939, ƙasa ba ta ƙera shi sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A iskar da kake shaƙa, cikin ƙwayoyin hiliyom kusan 700,000 ɗaya ce tak hiliyom-3. Ga shi kuma hiliyom ba shi da nauyi, yana sulalewa zuwa sararin samaniya. Saboda haka idan ka tarar da hiliyom-3 mai yawa yana fitowa daga ƙasa, ba sabo ba ne. Ajiya ce tun lokacin da duniya ta dunƙule, shekaru biliyan 4.5 da suka wuce.

An haifi Craig a 1926. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Shikago a 1951 ƙarƙashin Harold Urey, wanda ya ci kyautar Nobel, sannan a 1955 ya koma Cibiyar Nazarin Teku ta Scripps a Kalifoniya, inda ya ƙare rayuwarsa ta aiki. Ya fara yin suna ne a kan aisotof na kabon da na ruwan sama. Amma shi mutum ne mai son shiga jirgin ruwa ya ɗebo samfuri da hannunsa, kuma wannan ne ya kai shi ga hiliyom.

A wancan zamani da yawa sun ɗauka duniya ta riga ta amayar da iskokinta na asali tun tana jaririya. A 1969 Craig da Brian Clarke da M. A. Beg na Jami'ar McMaster a Kanada suka buga sakamakon awon ruwan da aka ɗebo daga zurfin Tekun Pasifik, wajen Kwazazzabon Kermadec da ke arewa da Niyu Zilan. Hiliyom-3 da ke ciki ya zarce abin da ake tsammani da kusan kashi 20 cikin ɗari. Kana iya cewa ai gwajin bama-baman nukiliya na shekarun 1950 da 1960 ya watsa tiritiyom, wanda ke rikiɗewa ya zama hiliyom-3. Haka ne, sai dai ruwan da ke wannan zurfin ya yi ɗaruruwan shekaru rabonsa da saman teku, tiritiyom ɗin bam bai kai gare shi ba. Daga ƙasa iskar take tasowa. A wannan shekarar dai, Boris Mamyrin da Igor Tolstikhin da abokan aikinsu a Tarayyar Sobiyat suka ga irin wannan a iskar duwatsu masu aman wuta na tsibiran Kuril.

Saura a gano ƙofar da take fitowa. A 1977 ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin ya gano maɓuɓɓugan ruwan ɗumi a ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos, kuma ruwansu cike yake da hiliyom-3. A 1981 Craig da John Lupton suka nuna wani dogon bakin ruwa mai hiliyom-3 da ya taso daga tsaunukan ƙarƙashin teku na gabashin Pasifik, a zurfin kusan mita 2,500, ya miƙa yamma tsawon kilomita kusan 2,000. Da tsinke ɗaya suka tsire nama biyu: sun nuna inda mantil ke numfashi, sun kuma nuna inda ruwan zurfin teku ke dosa.

Daga nan ne gardama ta ɓarke. Duwatsun da ke fitowa a tsagar tsakiyar teku, ko'ina a duniya, rabon hiliyom-3 ɗinsu ya ninka na iska kusan sau 8. Amma a Hawai da Aisland ana samun ninki 30 ko fiye. Ka tuna mantil dutse ne, amma yana motsi a hankali, 'yan santimita a shekara, kamar tuwo a tukunya. Tuwon da aka yi shekaru biliyoyi ana tuƙawa bai kamata a ce yana da gudaji ba. Hiliyom ya ce akwai. Masana da dama suka fassara haka da cewa can ƙasa akwai sashen da bai taɓa narkewa ya saki iskarsa ba, kuma daga can ne dutse mai zafi ke tasowa ƙarƙashin Hawai. Don Anderson na Caltech bai yarda ba. A ganinsa, rabon na iya hawa don kawai wurin ba shi da yuraniyom da yawa, wato hiliyom-4 ne ya yi ƙaranci, ba hiliyom-3 ne ya yi yawa ba. Wasu kuma suna ganin daga ƙwallon ƙarfen da ke tsakiyar duniya iskar ke yoyo.

Kada ka ɗauka wannan zancen 'yan boko ne kawai. A daren 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos a Kamaru ya saki iskar kabon dayoksaid da ta kashe mutane sama da 1,700. Awon hiliyom na cikin abin da ya tabbatar cewa iskar daga narkakken dutsen ƙarƙashin ƙasa take, ba daga ruɓaɓɓun ganyaye ba. Ma'ana za ta ci gaba da taruwa a gindin tafkin. Shi ya sa daga 2001 aka fara kafa bututu don zuƙe ta a hankali.

Craig ya karɓi kyautar Balzan a 1998, ya rasu a 2003. A shekarar da ya rasu aka ba da rahoton duwatsun tsibirin Baffin na Kanada masu ninki kusan 50, a 2023 kuma aka auna sama da 65 a wannan tsibirin. Ma'aunin da shi da abokan aikinsa suka kafa shi ake amfani da shi har yau, kuma inda wannan tsohuwar iska take ɓoye, a gindin mantil ko a cikin ƙwallon, shi ne abin da masu binciken yanzu ke ƙoƙarin warwarewa.