Nazarin Tsara Wutar Sola don Kwarmin Ninkaya na Gida a Unguwar St. George, Birnin New York

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci buƙatun lantarki na kwarmin ninkaya na gida a unguwar St. George da ke tsibirin Staten, domin gano ɓangaren aikin sola da maigida zai iya yi da hannunsa. An yi lissafi a kan kwarmi na misali mai cin lita 40,000, sannan aka auna sakamakon da yanayin unguwar da dokokin birnin. Nazarin ya nuna cewa keɓe wa kwarmi farantan sola nasa na kansa asara ce, kuma ribar maigida tana wajen rage cin wutar kwarmin tun kafin ya sayi faranti ko ɗaya.

Gabatarwa

Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ya saba da sola irin ta gida: a sayo faranti da batir da inbata a kasuwa, a kira yaro mai haɗin wuta, kafin la'asar fanka ta fara juyawa. Haka ake tayar da burtsatse a gonaki, famfo ya ja ruwa da rana, ya huta da dare. Idan irin wannan mutum ya mallaki gida mai kwarmin ninkaya a New York, ba abin mamaki ba ne ya yi tunanin yi wa famfon kwarmin irin haɗin burtsatse. Tambayar ita ce ko wannan dabara tana tafiya a can.

St. George tana ƙuryar arewa maso gabashin tsibirin Staten, inda jirgin fito ke kwasar jama'a kyauta zuwa Manhattan cikin kimanin minti 25. An zaɓe ta ne saboda ta haɗa matsaloli da yawa a wuri guda. Unguwa ce ta tudu, kuma gangaren yana fuskantar arewa da gabas, wato wajen ruwa. Gidan da ke ƙasan gangare yana da tudu da gidajen maƙwabta ta kudu da yammacinsa, inda ranar da ake buƙata take. Ga tsofaffin gidaje masu rufi mai tsini da bututun hayaƙi, musamman a titin St. Marks Place, wanda ke cikin yankin tarihi da hukumar adana gine-ginen birnin ta keɓe a 1994.

Hanyar bincike

An ɗauki kwarmi mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita 1.25. Fuskar ruwansa murabba'in mita 32 ke nan. An ƙaddara lokacin ninkaya kwana 100, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, kamar yadda masu gidaje suka saba buɗewa da rufewa. An ɗauki faranti mai wat 400, da awa 5 na cikakkiyar rana a lokacin zafi, aka cire kashi 20 cikin ɗari na asarar waya da inbata da zafi. A shekara kuwa, kilowat ɗaya na faranti a New York yana ba da kimanin kilowat-awa 1,200, adadin da kowa zai iya gwadawa da manhajar PVWatts. Ƙarfin famfo da yawan tururin ruwa ƙaddarawa ce ta wannan nazari.

Sakamako

Famfon tace ruwa. Tsohon famfo mai gudu ɗaya da ke cin wat 1,500 na awa 8 yana shan kilowat-awa 12 a rana, wato 1,200 a kwana 100. Idan za a ciyar da shi da sola zalla, sai an kafa kilowat 3, kimanin faranti 8. Waɗannan farantai za su samar da kilowat-awa 3,600 a shekara, amma kwarmin 1,200 kawai zai sha. Kashi biyu cikin uku sun tafi a banza, domin daga Satumba zuwa Mayu kwarmin yana rufe, an zuƙe ruwan bututunsa don kada ƙanƙara ta fasa su. Nan ne dabarar burtsatse ta gaza: gonar Kano tana son ruwa a watannin da rana ta fi ƙarfi da tsawon rani, kwarmin St. George kuwa baƙon wata uku ne.

Famfo mai sauya gudu yana canza lissafin gaba ɗaya. A ƙa'idar famfo, idan aka rage gudu zuwa rabi, ruwan da yake turawa ya koma rabi, amma wutar da yake ci ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Ko an ƙara asarar injin an ce wat 300, aka bar shi awa 16 don ya tace ruwa daidai da na da, kilowat-awa 4.8 zai ci a rana, 480 a duk lokacin. Faranti 3 sun isa a ranar zafi. Idan kuma an haɗa da layin kamfanin wuta ana lissafi a shekara, abin da faranti ɗaya ke samarwa ya biya. Tun 19 ga Yuli 2021 ƙa'idar Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sa yawancin manyan famfunan kwarmi sababbi suka zama irin wannan.

Ɗumama ruwa. Nan ne nauyin yake, kuma nan masu gida suka fi yin kuskure. Ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya na Salsiyos yana cin wat-awa 1.163. Ga lita 40,000, kilowat-awa 46.5 ke nan a kowane digiri, kusan abin da tsohon famfo ke ci a kwana huɗu. Kuma zafin ba ya zama. Kowace lita da ta tashi tururi tana tafiya da kimanin kilowat-awa 0.68, irin yadda randa ke sanyaya ruwa da gumin jikinta. Idan ruwan ya ragu da milimita 5 a rana, lita 160 sun tafi da kilowat-awa 109, fiye da digiri 2. Iskar da ke tasowa daga mashigin ruwa tana ƙara wannan asara. Maye gurbin zafin da injin ɗumama mai jawo zafin iska, wanda ke ba da ninki 5 na wutar da ya ci, zai buƙaci kilowat-awa 22 a rana, wato kusan faranti 14.

Maganin ledar rufe kwarmi ce. Duk wanda ya ɗaga ta da sassafe ya ga ɗigon ruwa jere a ƙarƙashinta suna gangarawa cikin kwarmin, ya ji ɗumin da ya kwana a ciki ya bugi hannunsa, ya ga lissafin da idonsa. Ma'aikatar Makamashi ta ƙiyasta cewa rufewa na rage kuɗin ɗumamawa da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Bayan ita sai baƙaƙen tabarmin roba masu siraran bututu, waɗanda ruwan kwarmin ke ratsawa rana ta gasa shi kai tsaye. Ana son faɗinsu ya kai rabin fuskar kwarmi zuwa daidai da ita, murabba'in mita 16 zuwa 32 a misalinmu. Ba wayar lantarki a jikinsu, sai dai dole a zubar da ruwansu kafin sanyi.

Tattaunawa

Dokar birnin ta iyakance hannun maigida. Aikin lantarki a New York sai ƙwararre mai lasisin birnin, kuma Sashen Gine-gine yana neman zanen injiniya ko mai zanen gini kafin a ɗora faranti a rufi. Hukumar kashe gobara tana buƙatar a bar hanya mai faɗin ƙafa 6 a shimfiɗaɗɗen rufi, abin da ke cinye wuri sosai a ƙananan gidaje. Gidan da ke yankin tarihi sai ya ƙara da izinin hukumar adanawa. Kamfanin wuta na Con Edison kuma shi ke amincewa da haɗi da layinsa. A ra'ayin mai wannan nazari, tsaurin ya dace a wajen kwarmi fiye da ko'ina. Jiƙaƙƙen jiki ba ya jure ko 'yar wutar da busasshen hannu zai ji kamar cizon cinnaka, kuma yara ne suka fi daɗewa a ruwa. Shi ya sa sashe na 680 na dokar lantarki ta ƙasa ya wajabta ɗaure duk ƙarfen da ke kewayen kwarmi da wayar tagulla guda, tare da makashin da ke yanke wuta da zarar ta yi yoyon kimanin miliamfa 5.

Kuɗi ma sun karkata wajen haɗi da layi. Jihar New York tana yafe kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin daga haraji, har zuwa dala 5,000. Birnin yana rage harajin gida da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin, a rarrabe cikin shekara huɗu, ga aikin da aka kunna daga 2024, kuma ta hanyar izinin Sashen Gine-gine ake nemansa. Tallafin sola na jihar, wato NY-Sun, yana bi ne ta hannun 'yan kwangilar da hukumar NYSERDA ta amince da su. Rangwamen tarayya na kashi 30 ya ƙare a 31 ga Disamba 2025, don haka duk lissafin da aka gina a kansa sai a sake shi.

Mazauna tsibirin da suka ga guguwar Sandy a Oktoban 2012 sukan so batir saboda ɗaukewar wuta, ganin cewa inbatar da ke haɗe da layi tana mutuwa idan layin ya mutu. Buƙatar gaskiya ce, amma ta firji da fitila ce. Kwarmi zai jure kwana ɗaya ko biyu ba famfo idan an kula da sinadarinsa, kuma ƙa'idojin birnin kan ajiye batirin litiyom a gida masu tsauri ne.

Sauran aikin da babu mai yi wa maigida kamar kansa shi ne auna inuwa. Rana a St. George tana kaiwa digiri 73 sama da ƙasa a tsakar ranar 21 ga Yuni, amma digiri 26 kacal a 21 ga Disamba. Rufin da ke shan rana a Yuli zai iya wuni a inuwar gidan maƙwabci na saman tudu duk tsawon sanyi. Tunda amfanin farantan ya dogara da wutar watanni tara da kwarmin ke rufe, hoton rufin da za a kai wa injiniya ya kamata ya haɗa da na Disamba, a ɗauka da ƙarfe 9 na safe, da 12, da 3 na yamma.