Wasan Kwaikwayo Ba Hadda: Hanyar Buɗe Baki a Darasin Turanci

Ɗalibi yana iya cin jarrabawar Turanci ta WAEC, har da takardar furuci, ba tare da ya ce uffan ba, domin ita ma a rubuce ake amsa ta. Shi ya sa ake samun wanda ya san nahawu ciki da bai, amma da an tare shi da tambaya sai baki ya mutu. Wannan matsala ba tamu ce kaɗai ba. A 1985 Merrill Swain ta nuna cewa yaran Kanada da suka yi shekara da shekaru ana koyar da su da Faransanci suna ji sarai, amma maganarsu ba ta kai jinsu ba. Hujjarta ita ce sai an matsa wa mai koyo ya harhaɗa zance da kansa kafin ya gane inda ya gaza.

Wasan da aka rubuta aka haddace ba ya yin wannan aiki, tilawa ce kawai a tsaye. Wanda ke yi shi ne wasan da ɗalibai ke ƙirƙira nan take, irin wanda Alan Maley da Alan Duff suka gina littafinsu na 1978 a kansa, kuma Dorothy Heathcote ta Jami'ar Newcastle ta ƙara masa da cewa malami ma ya shiga ciki. A ce malama ta zama fasinjar da jakarta ta ɓace a tasha, ɗalibi kuma ɗan kamasho. Ba ta ba shi abin da zai faɗa ba. Dole ya tambayi launin jakar, da motar da ta shigo, ya kare kansa in ta zarge shi. Tsarin tambaya da yake tsallakewa a littafi ya zama abin da zai fid da shi kunya.

Irin wannan wasa kuwa ba baƙo ba ne gare mu: yaron da ya taso yana tashe da azumi ba sai an koya masa shiga rigar wani ba.

Masu suka suna cewa kuskure zai zauna daram, aji kuma zai zame ya koma Hausa. Suna da gaskiya, in malami ya yi sake. Amma gyara a tsakiyar wasa kashe shi yake yi. A rubuta kurakuran, a tattauna bayan an gama, a sake buga wasan. A wannan maimaici ne koyo yake, kuma malamin da ya tsallake shi nishaɗi kawai ya ba ajinsa.