Wankin fim baƙi da fari a gida: wane ruwan fito da hoto ya dace da zafin ƙasarmu?

Hotunan da Philippe Koudjina ya ɗauka na matasan Yamai a shekarun 1960 da 1970, da na Malick Sidibé a Bamako, duk a ɗakin duhu aka wanke su da hannu. Kyamarar dijital da wayar salula sun ture wannan sana'a gefe, amma har yanzu Kodak na Amurka da Ilford na Ingila suna yin fim baƙi da fari, kuma akwai masu sha'awar wanke shi da kansu. Tambayar farko da ke gabansu ita ce ta ruwan fito da hoto, wanda ake kira révélateur da Faransanci. Shi ne ke mayar da gishirin azurfar da haske ya taɓa zuwa baƙar azurfa, hoton ya bayyana. Matakin ba ya maimaituwa: idan ruwan ya lalace ko lokaci ya zarce, hotunan biki ko na suna sun tafi ke nan.

Galibin abin da ake rubutawa kan wannan zaɓi daga Turai da Amurka yake fitowa, kuma muhawararsu kan tsaki ce, wato ɗige-ɗigen azurfar da ake gani idan an faɗaɗa hoto. Ga mai zaune a Maraɗi ko Damagaram, akwai abubuwa biyu da suka riga tsaki: zafin ruwa, da tsawon lokacin da sinadarin zai yi bai mutu ba.

Lokutan da kamfanoni ke rubutawa an gina su ne kan ruwa mai digiri 20. A watan Afrilu da Mayu ruwan famfo kan haura digiri 30. Ƙarin digiri guda yana rage lokacin wanki da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma wankin da bai kai minti 5 ba sau da yawa yakan fito dabbare-dabbare, domin ɗan jinkirin zubawa da juyewa ya isa ya sauya sakamako. Ga misali: fim ɗin HP5 Plus a cikin ID-11 da ba a sirka ba yana ɗaukar minti 7 da rabi a digiri 20. A digiri 24 ya sauko kusan minti 5, bakin iyaka. Idan aka sirka shi da ruwa rabi da rabi, lokacin ya koma minti 13 a digiri 20, kimanin minti 9 a digiri 24. Shi ya sa ruwan da ke karɓar sirki ya fi dacewa da mu. Sirkin dai ba ya hana amfani da ƙanƙara. Zafi mai yawa yana tausasa fatar fim, sauyin zafi na gaggawa tsakanin ruwa da ruwa kuma yana iya yamutsa ta, don haka ruwan fito da hoto da na kafe shi da na ɗauraya duk su kasance kusa da juna a ma'auni. Ruwan randa da ya kwana ya fi na famfo sanyi nesa ba kusa ba, kuma daga nan ƙanƙara kaɗan ta isa.

D-76 na Kodak, wanda ya fito a 1927, da ID-11 da kusan haɗinsu ɗaya, su ne ake auna sauran da su. Gari ne da ake narkarwa a ruwan ɗumi. A tsohon haɗin da aka wallafa, lita guda tana ɗauke da giram 2 na metol, giram 5 na haidrokinon, giram 2 na boraks da giram 100 na sulfit. Wannan sulfit mai yawa shi ke ɗan narkar da gefen ƙwayoyin azurfa, tsakin ya yi laushi. Da an sirka, tasirinsa ya ragu, hoton ya ƙara kaifi, tsakin ya ɗan fito. Kusan babu fim ɗin da ba a rubuta masa lokaci da D-76 ba. Rauninsa iska ce. Kodak ya ba shi wata 6 a cikakkiyar kwalba rufaffiya, wata 2 kacal a wadda ta yi rabi, kuma ba ɗaki mai zafi kamar namu aka yi wa wannan lissafi ba. Dabarar ita ce a sayi ƙaramin ƙunshi na lita guda, a narkar da shi gaba ɗaya, a rarraba a ƙananan kwalabe cike har baki. Kada a raba garin gida biyu don tattali, domin sinadaran ba su gauraya daidai a cikin ƙunshin ba.

Rodinal ya girme shi. A 1891 aka yi masa rajista a Jamus, Agfa ya daɗe yana sayar da shi, yau ana samunsa daga Adox ko da sunan R09. Ruwa ne mai ƙarfi da ake sirkawa kashi 1 cikin 25 ko cikin 50, a yi amfani sau ɗaya a zubar. Tukunyar wankin fim guda mai milimita 35 tana cin kusan mililita 300, wato mililita 6 na Rodinal a sirkin 1 da 50. Kwalbar rabin lita ta wanke fim kusan 80. Yana shekaru a buɗaɗɗiyar kwalba, ya yi duhu kamar shayi amma yana aiki. Farashin wannan juriya shi ne tsaki: ba ya ɓoye shi ko kaɗan, musamman a fim mai saurin 400. A fim mai saurin 100 da hasken rana irin namu, a ganina wannan ba aibu ba ne. Matsalar ta fi yawa wajen shigo da shi, domin ruwa ne mai cin fata, kuma 'yan kasuwa da dama ba sa aika irinsa ta jirgin sama. Gari ya fi sauƙin tafiya. A tambaya kafin a biya.

HC-110 na Kodak yana tsakanin biyun: ruwa ne mai daɗewa, tsakinsa bai kai na Rodinal ba, amma a sirkin da aka saba, 1 da 31, lokutansa gajeru ne, sai an ƙara masa ruwa idan ana zafi. XTOL, wanda ya fito a 1996, yana ba da tsaki mai laushi ƙwarai, sai dai a ƙunshin lita 5 yake zuwa, kuma yakan mutu ba tare da launinsa ya nuna ba. Microphen na mai ɗaukar hoton dare ne da ke son tura fim sama da saurinsa.

Akwai kuma kafenol, haɗin gida da nescafé: giram 54 na sodar wanki, giram 16 na bitamin C da giram 40 na garin kofi a lita guda, minti 15 a digiri 20. Yana fitar da hoto da gaske. Sodar da ake nufi sodiyam kabonet ce, ba ta yin burodi ba. Kanwa tana da ita a ciki, amma ƙarfinta ya bambanta daga dutse zuwa dutse, ba a gina lissafi a kanta. Kafenol na gwaji ne, ba na hoton da ba za a sake samu ba.

Ga mai farawa da zai wanke fim biyu ko uku a wata, D-76 ko ID-11 a sirkin rabi da rabi shi ne zaɓi. Wanda sai lokaci-lokaci yake ɗauka, ya nemi Rodinal. Ko wanne aka ɗauka, a tsaya kansa da fim iri ɗaya har a san halinsu, ana rubuta zafi da lokaci na kowane wanki. Kafin a zuba tsohon ruwa kan fim mai muhimmanci, a tsoma guntun bakin fim ɗin a cikinsa da haske: idan bai yi baƙi cikin 'yan mintuna ba, ruwan ya mutu. A sa safar hannu, domin metol yana jawo wa wasu ƙaiƙayin fata, a rubuta suna jikin kowace kwalba, kuma kada a zuba sinadari a gorar lemo a gidan da akwai yara.