Takardar Kora a Aljihun Tsohon Soja

Soja biyu za su iya sauka daga mota ɗaya a tashar Shanono, kowanne da akwatinsa na ƙarfe, ɗaya an sallame shi, ɗaya an kore shi. Na farko yana da garatuti da fansho. Na biyu sai fartanya, da tambayar da za a riƙa yi a ɓoye ranar da aka zo neman auren 'yarsa.

Abin ya samo asali tun zamanin Turawa. A Yaƙin Duniya na Biyu ta hannun En'e aka ɗebi samari: sarki ya umarci hakimi, hakimi ya umarci dagaci, dagaci ya taso mai unguwa. Da yawa daga ƙasar Kano aka zuba su a runduna ta 81 da ta 82 aka kai su Boma. Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka fara sallama, kowa da ɗan littafinsa, a ciki hafsan Bature ya rubuta halinsa. Wanda aka yaba shi ke samun gadi, ko masinja, ko ɗan doka. Kurtun da bai yi boko ba kuwa, sau da yawa bai san me aka rubuta a kansa ba sai ranar da akawu ya duba littafin ya mayar masa da abinsa.

Yaƙin basasa ya ninka abin. Sojan da bai wuce kimanin 10,000 ba a 1967 ya kai wajen 250,000 a 1970. A cikin wannan taro har da wani baffana. Ya fita daga yaƙi lafiya, ya samu igiya biyu, sai mahaifinsu ya rasu da kaka. Aka ba shi hutun kwanaki, ya zo ya tarar da gero a tsaye a gona, ga ƙanne ƙanana, ba mai girbi. Ya tsaya ya girbe, ya ɗaure, ya zuba a rumbu, har ya jira aka cire gyaɗa. Da ya koma, gadurum aka wuce da shi, daga nan kora. Bai taɓa cewa an zalunce shi ba. Dokar soja ce, ya sani, ya taka.

Takardar tana cikin gwangwanin alawa, a naɗe da leda, a saƙale cikin azarar ɗakinsa. Da na fara koyarwa ya ɗauko ta ya shimfiɗa mini a tabarma, duk ta karye a wurin ninki.

"Ɗan nan, rubuta musu. Ka ce na yi Anaca, a duba."

"Baffa, kuɗin ne ko me?"

"In sun ba ni ba zan ƙi ba. Amma so nake ran sha biyar ga Janairu in tsaya a layi da mazan jiya."

Muka rubuta, muka aika inda aka ce mana ana aikawa. Shiru kake ji.

Ba wai ba a taɓa wanke korarren soja a ƙasar nan ba. Ana yi, sai dai a duba su wa. Bayan yunƙurin juyin mulkin Dimka na 1976 an tuɓe wa Yakubu Gowon muƙaminsa. Shehu Shagari ya yi masa afuwa a 1981, Babangida ya mayar masa da muƙamin a 1987. Ojukwu ya samu tasa afuwar a 1982. A watan Mayun 2000 Obasanjo ya mayar da korar sojojin da suka yi wa Biyafara yaƙi ta zama ritaya. Ni dai ina ganin daidai aka yi, ƙasa ba ta zauna da tsohon miki a buɗe. Amma baffa a rediyo ya ji labarin, kuma waɗanda ya yaƙa ne aka gyara wa takarda.

Kurata ma sun taɓa dacewa, lokacin da suka yi yawan da ba a iya kawar da kai. A watan Mayun 2014, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojoji suka harbi motar kwamandansu, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da Boko Haram ta yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a watan Satumba, a Disamba ta ƙara da wasu 54 da suka ƙi fita fagen fama suna cewa ba makamai. Dubbai kuma aka kora. Lauya Femi Falana ya tsaya wa da yawansu, jaridu suka yi ca. Da gwamnati ta sauya a 2015, kwamiti ya zauna a Kaduna aka mayar da 3,032 bakin aiki, sannan a Disamba aka sassauta wa 66 hukuncin kisa zuwa ɗaurin shekara 10. A daidai lokacin ake tonon batun kuɗin makamai dala biliyan 2.1, maganar da yaran suka yi ta fara yin nauyi.

Duka waɗannan afuwa ce daga sama, sai an ga dama. A Amurka tun 1944 doka ta kafa kwamitocin sake duba sallamar soja, tsohon kurtu yana da wa'adin shekara 15 bayan sallama ya cike fom da kansa ya nemi a gyara masa. A Satumban 2014, watan da aka yanke wa mutum 12 ɗin nan hukunci, sakataren tsaronsu Chuck Hagel ya umarci a sassauta wa waɗanda firgicin yaƙi ya taɓa wa hankali har suka yi laifi. A nan dokar soja ta yarda a kai hukuncin kotun soja Kotun Ɗaukaka Ƙara, amma da lauya, da kuɗin mota, kuma cikin ɗan lokaci ƙayyadadde. Wanda ya dawo ƙauye da kunya sai ya shekara bai ma faɗa wa matarsa gaskiya ba, balle ya nemi lauya.

Yanzu ga sojoji a Faruruwa saboda 'yan bindigar da ke tsallakowa daga ɓangaren Katsina, yaranmu kuma suna ganin kaki suna sha'awa. Duk wanda ya zo in taya shi cike fom ɗin shiga soja a intanet nakan ce ya sayi jakar leda mai zif, duk takardar da aka ba shi, har fas ɗin hutu, ya yi kwafi ya aiko wa mahaifiyarsa. In rasuwa ta tsare shi a gida, ya sa dagaci ya rubuta wa kwamandansa tun kwanakin hutun ba su ƙare ba.