Karkacewar haƙora: yadda likitoci suka gano alaƙarta da numfashi

Yau zan koma da mu tarihi, kan wani abu da muka mayar abin tsokana tun muna firamare: yaron da haƙoransa na sama suka turo gaba, bakinsa kullum a buɗe, da dare kuma sai minshari.

A 1899 wani likitan haƙori ɗan Amurka, Edward Angle, ya kasa haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa gida uku, bisa yadda turamen haƙora ke hawa kan juna. Na farko, turamen sun zauna daidai ko da sauran sun cunkushe. Na biyu, na ƙasa sun ja baya. Na uku, sun zarce gaba. Har gobe likitoci na amfani da wannan rabo, sai dai haƙora kawai yake kallo.

To amma tun 1868 wani likita a Danmak, Wilhelm Meyer, ya bayyana wata tsoka a bayan hanci wadda in ta kumbura take tilasta wa yaro numfashi ta baki. A 1923 kuma Pierre Robin na Faransa ya nuna cewa in muƙamuƙin ƙasa ya yi ƙanƙanta, harshe kan koma baya ya tare maƙogwaro. Dalili kuwa, jijiyar harshe a jikin wannan ƙashin take maƙale. Da aka fara auna ƙashin kai da hoton asibiti a 1931, sai aka ga sau da yawa ƙashin ne ya kauce, haƙora bin sa suka yi.

Akasin haka ma na faruwa. A binciken da ya fitar a 1981, Egil Harvold ya toshe hancin birai masu tasowa a Kalifoniya. Suka koma numfashi ta baki, siffar fuskarsu da zaman haƙoransu suka sauya.

Amma fa mu yi hattara. Biri ba mutum ba ne, gado ma yana da nasa kaso, kuma ba duk mai karkatattun haƙora ke da matsattsen maƙogwaro ba. Masu cewa a TikTok wai danna harshe a ganɗa zai gyara wa baligi muƙamuƙi, babu ingantacciyar hujja a bayansu.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne wannan: in ƙaninka ko 'yarki na minshari kullum, numfashi na ɗaukewa cikin barci, a wayi gari ana gyangyaɗi a aji, kada a ce lalaci ne. A kai shi wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, likitan haƙori ma ya duba, tun ƙashin yana girma.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.