Sauron Ambursa a Tarihin Ilimin Jijiya

A zamanin nan ana auna malamin kimiyya da yawan takardun da ya wallafa, da waɗanda ya yi aiki tare da su, da kuma sau nawa wasu suka kafa hujja da shi. In aka ɗora ƙasar Kabi kan wannan ma'auni a fagen nazarin jijiya da ƙwaƙwalwa, sai a ce ba ta taɓa sa hannu ba. Ina ganin ma'aunin ne ya gaza, kuma tarihin feshin sauro ya ishe mu shaida.

A 1954 gwamnatin Turawa, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, ta fara gwajin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin lardin Sakkwato, wajejen Birnin Kebbi, inda fadamar Gulbin Rima ke ƙyanƙyasar sauro kowace damina. Masu feshi suka riƙa bin gida-gida, a fitar da kwanuka da tabarmi tsakar gida, a fesa bango da cikin jinka, wani yanki da DDT, wani da dieldrin. Kafin a cika shekara biyu, a 1955, aka tarar da sauro yana sauka kan bangon da aka fesa wa dieldrin ya tashi lafiya lau. Masu bincike Elliott da Ramakrishna suka ba da labarin a mujallar Nature a 1956, kuma shi ne karon farko da aka tabbatar babban sauron maleriya na Afirka ya gagari magani. Aka ɗauki irin sauron Ambursa, garin da filin jirgin saman Birnin Kebbi yake a yau, aka kai Landan. A can George Davidson ya haɗa shi barbara da sauron da magani ke kashewa, ya nuna cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce ke ɗauke da taurin, tana bin dokar Mendel daga iyaye zuwa 'ya'ya.

Sanin aikin wannan ƙwaya sai da ya jira shekara talatin da 'yan kai. A 1993 Richard ffrench-Constant da abokan aikinsa suka nuna, a jikin ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, cewa dieldrin yana toshe wata kafa ce a jikin jijiya wadda sinadarin GABA ke buɗewa. GABA shi ne birkin jijiyoyi, a ƙwaro da a mutum. In ya tsinke, jiki sai ya kama jijjiga har rai ya fita. Canjin guri ɗaya tak a ginin kafar ya hana gubar kamawa. A 2005 aka samu irin wannan canji a sauron maleriya ma.

Mai musu zai ce sauro ba malami ba ne, gari kuwa bai zama marubuci don an kama ƙwaro a ɗakunansa ba, ballantana aikin 1993 da ƙuda aka yi shi. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai rage wa Davidson ko ffrench-Constant ladan wahalarsu. Sai dai ba a ɗakin gwaji tambayar ta tashi ba. Sai da wani ya shiga ɗaki da asuba ya tsinci sauro ɗaya-ɗaya, ya raba matacce da rayayye, sai da magidanta suka yarda baƙi su shiga har ƙuryar iyalinsu. Ƙidayar ambato tana lissafa sunan da ke saman takarda ne kawai. Abin ya fi zafi a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukh, don jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu.

Wani kuma zai ce abin da ya wuce ya wuce. Bai wuce ba, domin binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar maleriya a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, sama da kowace jiha, kuma a Disambar 2024 da Kebbi da Bayelsa aka fara rigakafin maleriya na R21. Za a sake ɗibar jini da sauro daga Argungu da Ambursa. Bambancin yau shi ne akwai jami'a a Aliero tun 2006, akwai ta tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, don haka babu uzurin a fita da samfurin ba tare da an yi nazarinsa a gida, da sunayen masanan gida a kan takardar ba.